Arewa Na Da Ƙafa, Saura Mai Riƙe Agogo

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na Dallol Mawri cikin watannin ɗari, ya fito ƙofar gida bayan sallar asuba, ya san abin da za mu faɗa. Tun rana ba ta ɗaga ba hanyoyin rairayi sun cika da yara. Wasu sun rataya jakar littattafai sun baro tunga sun nufi lakwal a babban gari, kuma da yake sanyi na cizo, ga tsoron makara, sassarfa suke yi, in sun hango tuta ana shirin ɗaga ta su zuba da gudu. Wasu sun kora awaki daji, akuya ɗaya ta ɓalle, yaro ya bi ta cikin kara da ƙaya har ya juyo da ita, bai tsaya ya huta ba. Babu mai ƙirga musu kilomita, babu mai duba musu agogo. Su kansu ba su san cewa abin nan da suke yi kullum, a wasu ƙasashe sana'a ce da ake ɗaga tutar ƙasa saboda ita ba.

Tun shekara ta 1964 ƙasarmu Nijar take zuwa wasannin Olampik. Lambobin da ta samo guda biyu ne: ta tagulla wadda Issaka Dabore ya ciwo a dambe a birnin Munik cikin 1972, da ta azurfa wadda Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciwo a tekwando a birnin Riyo cikin 2016. A fagen guje-guje da tsalle-tsalle kuwa har yau ba mu ɗanɗana ba. Tambayar da ta kai mu Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jahar Doso, ita ce: ina ƙafafun nan na safiya suke ɓacewa tsakanin shekara goma sha biyu da shekara ashirin?

ABIN DA ƘASA TA BA ƊAN AREWA

Dogon Dutsi na bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso ta wuce Birnin Ƙonni, tafiyar kilomita wajen 275 daga babban birni. Garin na zaune cikin kwarin Dallol Mawri, jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai sun tsaya masa a gefe. Arewa da shi ga Matankari da Dogon Kirya da Sukukutan, cikin gundumar kuma akwai Ƙeshe da Ɗan Kasari. Kudu kuwa ga Kore Mairuwa da Tibiri da Dumega da Gesheme, waɗanda aka haɗa suka zama gundumar Tibiri cikin shekara ta 2011.

Mai ido irin na masu horo, in ya dubi wannan ƙasa, zai ga fili ne da Allah ya shimfiɗa. Rairayin dallol na ƙarfafa agara da sha-raɓa, ba ya kuma cin gwiwa kamar kwalta. Gangaren duwatsu na buɗe ƙirji. Faƙon da ke bisa tudu, mai tauri ne sumul, ya dace da gudun sauri. A can Ostiraliya wani mai horo da ake kira Percy Cerutty da gangan ya riƙa kai yaransa bakin teku suna hawan tuddan rairayi, ɗaya daga cikinsu kuwa, Herb Elliott, shi ya ci tseren mita 1.500 a Olampik na birnin Rum cikin 1960. Abin da suka yi tafiya suka nema, yana ƙofar gidan ɗan Arewa.

Sai dai a faɗi gaskiya dukanta. Garin Dogon Dutsi bai kai mita 300 bisa teku ba, alhali garuruwan da suka yi suna a dogon gudu, a Kenya da Habasha, sun haura mita 2.000, inda ƙarancin iska ke sa jini ya ƙara ƙarfi. Ga kuma zafin bazara, wanda cikin Afrilu da Mayu yakan wuce awo 40. Wannan bai rufe ƙofa ba. Abin da yake nunawa shi ne a san inda za a sa ƙarfi: gajeren gudu, da matsakaici irin na mita 400 da 800, da tsalle, da jifa, duk ba su bukatar tsauni. Maƙwabciyarmu Burkina Faso, wadda rana ɗaya ke gasa mu da ita, ta fid da Hugues Fabrice Zango, wanda ya ciwo mata lambar Olampik ta farko a tsalle uku a birnin Tokiyo cikin 2021, ya kuma zama zakaran duniya a Budafes cikin 2023.

DARASIN FILIN KOKOWA

Ba sai mun je nesa ba kafin mu gane yadda wasa ke kafuwa cikin jama'a. Mu dubi kokowa. Tun da aka buɗe gasar ƙasa a Tawa cikin 1975, jahar Doso ba ta taɓa zama baya ba. Filin kokowa na birnin Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma a zamanin nan Isaka Isaka ya kai takobi Doso ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shin ƴan kokowa wani abinci suke ci dabam da na sauran yara? Hatsi ɗaya ne, fura ɗaya ce. Bambancin yana ga abubuwa uku.

Na ɗaya, ɗan kokowa na da wanda ya koya masa. A kowane gari akwai tsohon ɗan kokowa da zai ga yaro na kokawa da tsaransa a dandali, ya kira shi gefe, ya nuna masa yadda ake kafa ƙafa da yadda ake kama ƙugu. Na biyu, yana da ranar gwaji. Da an gama girbi an ɗaure dammuna, ganga za ta tashi, wannan gari ya gayyaci wancan, wanda ya yi fice a ƙauye ya je gunduma, daga gunduma sai jaha, daga jaha sai gaban ƙasa duka. Tsani ne mai matakai, yaro na ganin matakin da ke gabansa da idonsa. Na uku, yana da masu kallo. Makaɗi ya san sunansa da na ubansa, mata na guɗa, dattawa na miƙa kyauta, ko an kada shi ya san gari ya gan shi.

To, mai gudu fa? Yaron da ya fi kowa sauri a ajinsa, wa zai kira shi gefe? Wace rana ce tasa cikin shekara? Da yawa daga cikin ɗiyanmu ba su taɓa ganin an auna gudunsu da agogo ba sai ranar gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC. A ranar malami zai rubuta maki, ya ce na gaba ya matso, shi ke nan an rufe littafi. Son wasa kamar wutar kara yake, saurin kamawa gare shi, saurin mutuwa kuma, in babu mai tura masa icce.

Dattawan da suka yi samartaka cikin shekarun 1970 da 1980 za su tuna lokacin ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa, wanda ake kewayawa da shi jaha jaha. Kowane gari na shirya ƴan wasansa da mawaƙansa, ana tankaɗe ana rairaya tun daga ƙasa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wancan zamani, ya bar darasi guda: matashi na yin ƙoƙari in ya san akwai ranar da za a kira sunansa.

MALAMAI BIYU, GARURUWA BIYU

A ƙasar Habasha akwai wani ƙaramin gari na manoma da makiyaya da ake kira Bekoji. Wani malamin motsa jiki na makarantar garin, Sentayehu Eshetu, ya share shekaru yana tara yara da sassafe, yana sa su gudu cikin kurmi da gangare da wani fili na jar ƙasa. Daga hannunsa Derartu Tulu ta fito, yarinyar da ta tashi tana kiwon shanun gidansu, wadda ta ci zinariya a mita 10.000 a Barselona cikin 1992. Daga nan kuma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito, kowanensu da zinariyar Olampik uku.

A ƙasar Kenya kuma akwai garin Iten. Cikin 1976 wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, ya zo makarantar Saint Patrick ta garin don ya koyar da labarin ƙasa. Bai taɓa horar da mai gudu ba. Tsayawa ya riƙa yi bakin fili yana kallon yara, yana tambaya, yana koyo tare da su. Ɗalibinsa Peter Rono ya ci mita 1.500 a Seyul cikin 1988, David Rudisha kuma, wanda shi ma a hannunsa ya girma, ya karya bajintar duniya ta mita 800 a Landan cikin 2012, da minti 1 da sakan 40 da ɗigo 91.

Kenya da Habasha cike suke da garuruwan tsauni, amma ba kowanensu ya zama Bekoji ko Iten ba. Abin da waɗannan biyu suka samu shi ne mutum ɗaya da ya zauna. Bai zo da mota cike da kaya ya yi kwana uku ya koma ba. Ya san yaro, ya san ubansa, ya san ranar da ya zo fili bai karya kumallo ba. Irin wannan mutum ba a sayo shi daga waje. Yana iya kasancewa yanzu haka a wata kwaleji ta Matankari ko ta Gesheme, da usur a wuya, yana jiran a ce masa aikinsa na da daraja.

AIKIN MAI HORO

Mutane da dama na zaton horo shi ne a sa yaro gudu har ya faɗi. Wannan kuskure ya kashe ƙafafu masu yawa. Masana sun daɗe da gane cewa jiki na ƙaruwa ne lokacin hutun da ya biyo bayan wahala, saboda haka ranar aiki mai tsanani, ranar sauƙi ke bin ta.

Yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, wasa ne horonsa. Langa, wadda ɗiyan Arewa suka gada, tana koyar da tsayuwa bisa ƙafa ɗaya da ƙarfin idon sawu fiye da darussa da yawa na littafi. A haɗa masa da tseren miƙa sanda, da tsallake igiya, da jifa, a bar shi ya yi dariya. Daga sha uku zuwa sha biyar sai a fara tsari: kwana uku ko huɗu a mako, mafi yawansa gudu ne a hankali, irin wanda yaro zai iya yi yana zance da abokinsa. In numfashi ya hana shi magana, ya wuce ƙima. Sau ɗaya a mako a je gangaren dutse, a hau da ƙarfi a sauko da tafiya. Sau ɗaya kuma a yi gajerun tsere a fili. Sai ya haura sha shidda ne za a duba inda ya fi kyau, ko gajere ko dogo ko tsalle, a ƙara masa nauyi sannu sannu. Ba a fara kowane aiki sai an ɗumama jiki da sassarfa ta minti goma, ba a kuma tashi sai an huce.

Mai horo na Arewa tilas ya san shekararsa kamar yadda manomi ya san ta. Da damana yara na gona, noma da kansa aiki ne, kada a ɗora musu wani. Ƙarshen damana lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Yaron da ya tashi daga zazzaɓi jininsa ya ragu, ko ya ce ya warke a ba shi kwanaki, in kuwa ana ganin cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, likita za a kai shi kafin fili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne kakar mai gudu, lokacin tara ƙarfi da yin gasa, sai dai ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri a sassauta. Da bazara kuwa babu gudu sai bayan asuba ko gab da magariba, da ruwan sha a bakin fili. Yaron da ya ce kansa na juyawa, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki. Cikin azumi a rage aiki ƙwarai, a mai da shi bayan buɗa-baki.

Batun abinci kuma, kada a tsorata iyaye da sunayen abubuwan kanti. Hatsi da wake da gujiya da nono da ganyen zogale, in sun samu, sun gina mai gudu. Abin da za a tsare shi ne kada yaro ya yi aiki mai nauyi da yunwa.

Kayan aikin mai horo na farko littafi ne da alƙalami. Ya rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, da abin da ya yi a mita 100 ko mita 1.000 a farkon ɗari, ya sake aunawa bayan wata biyu. Ranar da yaro ya ga da idonsa cewa ya rage sakan biyar, ya samu abin da ya fi kyautar kuɗi, don ya gane wahalarsa na haihuwa. Wanda ke zuwa na bakwai kullum, in yana rage lokacinsa, shi ma ya ci nasa tseren, kuma wajibi ne malami ya faɗa masa haka a gaban ƴan uwansa. Sau da yawa wanda ya yi fice yana ɗan sha uku, girman jiki ne ya riga tsaransa, na bayan nan kuwa shi ne zai daɗe.

IGIYA DA TURKE DA TOKA

Akan ce babu fili. Filin gudu na ƙa'ida, mai kewayen mita 400, lissafinsa a sarari yake. A sami wuri shimfiɗaɗɗe, a kafa turaku biyu, tsakaninsu mita 84 da santimita 39. A ɗaura igiya mai tsawon mita 36 da rabi a kowane turke, a ja rabin da'ira a kowane gefe, sa'an nan a haɗa bakunansu da miƙaƙƙun layuka biyu. Wannan shi ne bakin ciki na fili. Faɗin hanyar kowane mai gudu mita 1 ne da santimita 22. A zuba toka bisa layi. Malamin lissafi da ɗalibansa za su gama wannan cikin yini guda, su kuma ƙaru da darasi. Ramin tsalle kuwa, rairayi ne ake nema, a Dallol Mawri wa zai ce ya rasa? Agogon awo yanzu yana cikin kowace wayar hannu.

Takalmi na da amfani, musamman inda ƙaya da tsakuwa suke, amma rashinsa bai zama dalilin zama ba. Abebe Bikila na Habasha da ƙafa tsirara ya ci gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195, a titunan Rum cikin 1960. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a bayansa akwai mai horo, Onni Niskanen, wanda ya shirya shi, har suka bi hanyar tseren tare suka san ta kafin ranar. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA KE KARYA ZUCIYAR YARO

Na farko shi ne cin rani. Da an kai hatsi rumbu, samari da yawa na Arewa sai su ɗauki jaka su nufi Nijeriya ko Yamai ko biranen bakin teku, wato daidai watannin da suka fi kyau ga gudu. Ba wanda zai ga laifin mai neman abin rufin asiri. Saboda haka ne lakwal ta zama wurin da za a kafa wannan aiki, don ɗalibi shi ne ke nan daga Oktoba har Yuni. Mai horon da ya bar karatun yaro ya lalace saboda gudu ya cuce shi sau biyu, domin cikin ɗari da ke gudu, ƙalilan ne za su ci abinci da shi.

Na biyu, rashin yardar gida. Uba zai ce: "Mushe, na ba ka yaro ka koya masa karatu, ka mai da shi mai tsere kamar wanda ya yi sata?" Wannan magana ba a amsa ta da fushi. Malami ya je gida da kansa, ya gai da maigida, ya nuna masa littafin maki da na gudu tare, ya gayyace shi ranar gasa a ba shi wurin zama a inuwa. Uban da ya ji an kira sunansa a lasifika saboda ɗansa, gobe shi zai tashe shi da asuba.

Na uku, rashin gaskiya. In aka sa ƙato mai shekara ashirin cikin tseren ƴan sha biyar don makaranta ta ci kofi, an samu kofi an rasa yara goma da suka ga ƙoƙari bai da amfani. Haka nan alkawarin kyautar da ba a cika ba, da zaɓen ɗan wane a bar wanda ya ci. Ga kuma annobar ƙwayoyi, irin su tiramol, da wasu samari ke sha wai don kada su gaji. Ƙwaya na ɓoye gajiya ne kawai, jiki kuwa na ci gaba da lalacewa, kuma a gasar duniya wanda aka kama da ita korarsa ake yi. Mai horo uba ne, abin da ba zai ba ɗan cikinsa ba, kada ya kau da kai in ya gan shi hannun ɗan wani.

ƊIYA MATA

A ƙasar da Sarauniya ta Lugu ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine cikin 1899, ba a bukatar dogon bayani kan abin da mace za ta iya. Duk da haka yarinya ce ke fara barin fili. Aikin gida na jiranta, ana jin nauyin tufafin wasa, ga maganar aure da wuri. Maganin waɗannan na hannun jama'a: a ware wa ƴan mata lokacinsu, a samu malama ko wata uwa da iyaye suka amince da ita ta tsaya a wurin, a bar su su yi gudu da dogon wando da ɗan kwali. Nawal El Mutawakkil ta Maroko, ƴar ƙasar Musulmi, ta ci zinariya a tseren mita 400 mai shinge a Los Anjalas cikin 1984, daga baya har ta riƙe ma'aikatar wasanni ta ƙasarta.

Mu ma muna da tamu. Aminatu Seyni ta yi mita 400 cikin sakan 49 da ɗigo 19 a birnin Lozan cikin Yuli 2019, lokacin da ya sa ta cikin sahun gaba na duniya a wannan shekara. Da dokar hukumar guje-guje ta duniya ta rufe mata ƙofar wannan tsere, ba ta zauna ba, ta koma mita 200. Cikin 2022 ta zama zakarar Afirka a tsibirin Moris, ta kuma zo ta huɗu a gasar duniya a birnin Yujin na Amurka. Kafin ita, Abdu Manzo ya ɗauki tutar Nijar a gudun fanfalaki na Olampik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996. Ya kamata kowane ɗalibi na Arewa ya san waɗannan sunaye, don yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa jin wani nasa ya yi ba.

KIRA

Ƙasa na da babban filin wasa na Janar Seyni Kunce a Yamai, wanda ya karɓi baƙin ƙasashe da dama a wasannin Disamba 2005. Tana da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle, tana da makarantar INJS mai horar da malaman motsa jiki. Amma kan tsani ba ya amfani in babu matakan ƙasa, su kuwa a gari ake sassaƙa su.

Ga magadan gari na ƙananan hukumomi goma na gundumomin nan biyu: kowane ya tsai da rana ɗaya cikin ɗari, ranar kasuwa in ya yiwu, ta zama ranar tseren makarantunsa, waɗanda suka yi fice su haɗu a Dogon Dutsi ko Tibiri, a kuma riƙe ranar kowace shekara ko da kyautar sabulu da littafi ce. Ga sarakunanmu: halartarku kaɗai ta isa ta sa iyaye su saki ɗiyansu. Ga makaɗa: mai gudu ma na son kirari. Ga ƴan kasuwa da ɗiyan Arewa mazauna Yamai da ƙetare: kuɗin motar yara goma zuwa Doso bai kai abin da ake kashewa a biki guda ba. Ga hukumar wasanni: ta aiko da masu ba malaman karkara horo, ta kuma nemi littattafan nan na lokaci ta duba, don a cikinsu sunayen gobe suke.

Ku kuma malamai, aikinku ya fi na kowa nauyi, ladarsa kuma ta fi jinkiri. Mai yiwuwa ku yi shekara goma kuna busa usur kafin ɗaya ya kai Yamai. Amma sauran da ba su kai ba za su tashi da lafiyar jiki, da sanin tashi da wuri, da sanin cewa ana faɗuwa a sake tsayawa a layi, wannan kuwa gari ne ya ci ribarsa. Gobe da safe yaran nan za su sake biyo hanyar rairayi da gudu, kamar yadda suka yi yau. A samu mutum ɗaya a ƙofar lakwal ya dubi agogo, ya tambayi na gaba sunansa, ya rubuta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi wa ɗiyanmu albarka, amin.